Tuƙin jirgin ƙasa mai tururi a kwamfuta: wasan da ke tuna wa Kakuri da Maƙera asalinsu

Kusan abu ɗaya ne ke samun duk wanda ya fara gwada tuƙa jirgin ƙasa mai tururi a kwamfuta. Zai saki birki, ya buɗe totur har ƙarshe kamar yadda ya saba a wasan tseren mota, sai ƙafafun jirgin su kama juyawa a wuri ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe allo, ƙara ta cika masa kunne, jirgin kuwa ko motsi bai yi ba. In ya yi sa'a ya samu ya tashi, bayan 'yan kilomitoci sai allurar geji ta fara sauka, gudu ya riƙa raguwa, daga ƙarshe jirgin ya tsaya cak a tsakiyar daji. Babu abin da ya lalace. Tururi ne ya ƙare, domin ɗan wasan ya manta cewa akwai wuta a gabansa da ke jiran a ciyar da ita.

A nan ne mutane da yawa ke rufe wasan su koma ƙwallo. Waɗanda suka daure suka sake gwadawa su ne ke gano cewa wannan ba irin wasannin da aka saba ba ne. Ba a harbin kowa, ba a tsere da kowa, kuma saurin yatsa ba ya tsinana komai. Aiki ne ake kwaikwayo, aikin da mutane suka yi da guminsu. Ga matashin da ke zaune a Kakuri ko Maƙera ko Barnawa kuwa, aiki ne da aka yi shekara da shekaru a bayan gidansu, a kan layin dogon da yake tsallakewa kullum ba tare da ya ko kalle shi ba.

Tashar da ke tsallaken gada

Wanda ya taso daga shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello ya haye gadar kogin Kaduna, abin da zai fara tararwa shi ne Kasuwar Station, a gefenta kuma ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa, Kaduna Junction. Sunan nata ya faɗi aikinta: mahaɗa ce.

Layin dogon da Turawan mulki suka ja daga Baro, a bakin kogin Neja, ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da layin da ya taso daga Legas suka zama reluwe ɗaya, ko da yake sai a 1916 aka kammala gadar Jebba; kafin nan a jirgin ruwa ake tsallakar da taragu. Layin dogon nan da ruwan kogi suna cikin abubuwan da suka sa Lugard ya zaɓi wurin, aka ɗauko hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Wato dai jirgin ƙasa ya girmi birnin.

A 1927 layin Gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Enugu da Kafanchan, ya iso Kaduna ya haɗu da na Legas a kudu da kogi. Daga nan tashar ta zama wurin da hanyoyi uku ke gamuwa: ta Minna zuwa Legas, ta Kafanchan zuwa Fatakwal, da wadda ke haye kogi ta nufi Zariya da Kano. Gidajen ma'aikatan reluwe suka kewaye ta. Da aka tashi kafa masana'antu, kusa da layin aka jera su a Kakuri: masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya fara aiki a 1975. A mafi yawan shekarun farkon nan, gyaɗa da auduga da fatu da fasinjoji duk kan jirgi mai cin kwal ne ke jansu.

Yau wanda zai hau jirgi a Kaduna Rigasa yake nufa, inda sabon layin Abuja da aka buɗe a 2016 ya ƙare. Faɗin tsakanin ƙarafan sabon layin milimita 1,435 ne, na tsohon kuma 1,067, saboda haka jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. Kan jirgi mai tururi kuwa ya daɗe da barin aiki. Wanda ke son ya san yadda ake sarrafa shi, kwamfuta ce ta rage masa.

Abin da ke cikin injin

Kan jirgi mai tururi tukunyar ruwa ce babba da aka kwantar a kan ƙafafun ƙarfe. A bayanta, gaban direba, akwai murhu inda kwal ke ci. Zafin wutar yana bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa ruwan, ruwan ya tafasa, tururi ya taru a sama. Ruwa idan ya zama tururi a sarari yana kumbura kamar ninki 1,700, to da yake tukunyar a rufe take ruf, sai kumburin ya koma matsi. A injunan Ingila irin su Jubilee da 8F da ake samu a wasanni, matsin yana kaiwa 225 a ma'aunin psi, wato ya ninka iskar tayar ƙaramar mota wajen sau bakwai.

Wannan matsin ne ake saki zuwa silinda, ya tura fistin gaba, ya dawo ya tura shi baya, sandunan ƙarfe su juya ƙafafu. Tururin da ya gama aiki kuma ba a barinsa ya tafi a banza. Ana harba shi sama ta cikin bututun hayaƙi, fitarsa da ƙarfi ita ke jawo iska ta ƙarƙashin murhu, kamar zugazugin maƙeri. Ma'ana, gwargwadon yadda injin ke aiki da ƙarfi, gwargwadon yadda yake hura wutar kansa. Sautin nan na fuf-fuf-fuf da kowa ya sani ko a fim, shi ne wannan fitar tururin, kuma a inji mai silinda biyu sau huɗu yake fita duk juyin ƙafa ɗaya. Direban da ya ƙware da kunne yake sanin gudunsa kafin ya dubi agogo.

Totur da ribasa

Hannaye biyu ne tuƙin ya rataya a kansu. Na farko regileta, wanda shi ne totur ɗin jirgin: yana buɗe wa tururi hanya daga tukunya. Na biyu ribasa. Sababbin 'yan wasa suna ɗauka aikinta kawai zaɓen gaba ko baya ne, shi ya sa suke tura ta gaba har ƙarshe su manta da ita. Wannan shi ne babban kuskuren da ke tsayar da jirgi a daji.

Ribasa ita ce ke yanke tsawon lokacin da tururi zai yi yana shiga silinda a kowace tafiyar fistin. Idan aka sa ta a kashi 75 cikin 100, tururi zai yi ta shiga har fistin ya ci kashi uku cikin huɗu na hanyarsa. Ƙarfi ne sosai, irin wanda ake buƙata wajen tayar da taragu masu nauyi daga tsaye, amma yana shanye tukunya kamar an buɗe famfo. Da zarar jirgi ya ɗauki gudu, sai a riƙa janyo ta baya sannu a hankali, zuwa 50, zuwa 35, har wajen 20. A nan ɗan tururi kaɗan ne ke shiga, a rufe ƙofa, shi da kansa ya kumbura ya ƙarasa tura fistin. Kamar mai tura yaro a lilo ne: da farko sai ya bi shi da gudu yana turawa, amma in lilon ya kankama, ɗan taɓi kaɗan a daidai lokaci ya wadatar. Duk wanda ya iya canjin giya a babur zai gane abin da wuri, bambancin kawai shi ne a nan babu lamba ɗaya, biyu, uku. Ji ne da lura da geji.

Tashi daga tasha yana da nasa tsari. Ana buɗe ƙananan famfunan da ke ƙarƙashin silinda tukuna, domin lokacin da jirgi ke tsaye tururin da ya rage a ciki ya huce ya koma ruwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. In fistin ya daki ruwa da ƙarfi murfin silinda na iya fashewa. Farin tururin nan da ke fesowa ta gefen ƙafafu idan jirgi zai tashi, ba ado ba ne, wannan aikin ne. Sai a tura ribasa gaba, a busa usur, a saki birki, a buɗe regileta kaɗan. Kaɗan ɗin nan da gaske ake nufi. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, riƙonsu ba shi da yawa, in ƙarfi ya yi yawa sai ƙafafu su zame. Idan hakan ta faru ana rufe regileta nan take, a zuba yashi a kan layi ta bututun da aka tanada, a sake gwadawa a hankali. Bayan 'yan juyi sai a rufe famfunan silinda.

Ga wani abin da ke rikita masu sauya wasa: a Open Rails madannin D ne ke ƙara totur, A ya rage, amma a Train Simulator Classic akasin haka ne. W da S kuwa duk na ribasa ne. Wanda ya saba da ɗaya ya koma ɗayan sai ya sha kunya ko sau ɗaya ne.

Aikin mai shebur

A jirgin gaske mutum biyu ne a kan injin: direba da mai zuba kwal, wanda 'yan reluwe ke kira fayaman. Galibin wasanni suna ba da zaɓi a bar wa kwamfuta aikin fayaman, kuma ya kamata sabon shiga ya yi hakan a makon farko. Amma daɗin wasan na gaskiya yana farawa ne ranar da mutum ya kashe wannan taimakon ya karɓi shebur da kansa.

Abin da ke sa aikin wuya shi ne jinkiri. Kwal ɗin da aka zuba yanzu ba yanzu zai ba da zafi ba. Da farko ma sanyaya wutar yake yi, sai bayan wasu mintuna ya kama. Saboda haka wanda ya jira sai ya ga hawa a gabansa sannan ya fara zuba kwal, ya riga ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fayaman na ƙwarai ya san hanya kamar tafin hannunsa, yana gina wutarsa tun yana kan shimfiɗaɗɗen wuri saboda tudun da ke can gaba, kuma yana daina zubawa tun kafin a kai ƙololuwa, domin in an fara gangara direba zai rufe totur, tururin da aka tara ya rasa wurin zuwa, bawul ɗin kariya ya buɗe da ƙara ya watsar da shi sama. Wannan ƙarar a kunnen ɗan kallo burgewa ce, a kunnen 'yan reluwe kuwa asarar kwal ce da ruwa da gumi.

Hayaƙi ma yana magana. Baƙi ƙirin na nufin kwal ya yi yawa iska ta yi kaɗan, ana ƙona dukiya a banza. In babu hayaƙi sam, wutar ta yi siriri. Toka-toka mara kauri ake nema. Kaɗan-kaɗan akai-akai, haka ake ciyar da murhu, ba a jibga masa gaba ɗaya. Idan jirgi na tsaye ko an rufe totur, babu fitar tururin da zai ja iska, sai a buɗe bulowa, wani ɗan famfo da ke hura tururi cikin bututun hayaƙi don kada wuta ta kwanta, ko ta yi baya ta feso cikin ɗakin direba, musamman idan za a shiga ramin dutse.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta rai da mutuwa. A gaban direba akwai ɗan bututun gilashi da ke nuna inda ruwa ya tsaya a tukunya. Rufin murhu ƙarfe ne da wuta ke lasa ta ƙasa, ruwa ne kawai a samansa ke hana shi narkewa. In ruwa ya sauka har rufin ya fito fili, ƙarfen zai yi laushi, matsin tukunya ya yaga shi. Haka tukwanen jirage suka riƙa fashewa suna kashe ma'aikata a ƙasashe da dama. Don rage haɗarin ne ake ɗaura wasu ƙusoshi masu cikin dalma a rufin, waɗanda ke narkewa da wuri su feso tururi a kan wuta su yi gargaɗi. A wasa, narkewarsu na nufin tafiya ta ƙare, a koma farko.

To ai sai a cika tukunya maƙil a huta, in ji sabon ɗan wasa. Nan ma akwai matsala. In ruwa ya yi yawa yakan biyo tururi ya shiga silinda, kamar yadda lemon kwalba ke yi in an girgiza shi, a koma ga fashewar murfi. Kuma na'urar da ke ɗura ruwan, injekta, wadda Bafaranshe Henri Giffard ya ƙirƙiro a 1858, da tururin tukunyar take aiki, ruwan da take turawa kuma bai kai na ciki zafi ba, don haka duk lokacin da aka kunna ta allurar matsi sai ta sauka. Mutum yana tsakiyar hawan tudu, matsi na raguwa, ruwa na raguwa, maganin ɗaya yana ƙara ciwon ɗaya. A irin wannan lokacin ne ɗan wasa ke samun kansa ya miƙe zaune yana gumi a gaban laftof.

Akwai kuma wata yaudara da gilashin ke yi. Tukunyar doguwa ce a kwance, murhu na baya. Idan jirgi na hawa, ruwa yana gangarowa baya, gilashi ya nuna kamar an cika. Da an kai ƙololuwa an fara gangara, ko an taka birki da ƙarfi, sai ruwan ya kwarara gaba, gilashin da yake cike yanzun nan ya koma fanko. Wasannin da aka gina da kyau suna kwaikwayon wannan, kuma shi ne gwajin da ke raba wasan da ya san aikinsa da wanda zane ne kawai.

Birki ba sai an ja magana a kansa ba. Jirgi mai taragu da yawa ba ya tsayawa inda aka taka, birkin yana ɗaukar lokaci kafin ya kai tarago na ƙarshe, sakinsa ma haka. Wanda ya hango dandamalin tasha sannan ya fara takawa, sai dai ya ɗaga wa fasinjoji hannu ya wuce.

Abin da allo ba ya nunawa

Kada dai wanda ya iya kai jirgi daga Liverpool zuwa Crewe a kwamfuta ya ɗauka ya zama direba. A wasa danna madanni ɗaya ne zuba kwal. A gaske fayaman yana kwasar tan-tan na kwal da shebur a tafiya ɗaya, yana tsaye a kan ƙarfe mai rawa, wuta na dukan fuskarsa, ga zafin watan Afrilu na Arewa a waje. Injin da ya huce sai an shafe sa'o'i ana hura shi kafin ya iya motsi, wasu ne ke kwana suna wannan aikin. Kuma ba a zama direba kai tsaye: daga mai goge inji ake farawa, a zama fayaman, a yi shekaru, sannan a kai ga riƙe regileta.

Shi kansa kwal ɗin yana da labari. Daga Enugu ake haƙo shi, kuma dalilinsa ne aka fara jan layin Gabas zuwa Fatakwal, wanda aka kammala a 1916. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 da ke yajin aiki a mahaƙar Iva Valley. Kafin nan, a babban yajin aikin 1945, ma'aikatan reluwe ƙarƙashin Michael Imoudu ne suka kasance ƙashin bayan tafiyar, domin in jirgi ya tsaya ƙasa ta tsaya. Dalar gyaɗar Kano da ake alfahari da hotonta, wani ɓangare na dalilin tsayinta shi ne jiragen ba sa iya kwashe buhunan da saurin da ake tara su.

Me ya kashe tururi? Lissafi ne. Cikin zafin da kwal ke bayarwa, abin da ke komawa jan taragu bai kai kashi 10 cikin 100 ba, sauran duk yana bin iska. Ga tsayawa shan ruwa a hanya, ga kwashe toka, ga wankin tukunya. Injunan dizal sun fara shigowa Najeriya a tsakiyar shekarun 1950, daidai lokacin da aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta NRC a 1955. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar kwal daga Enugu, bayan yaƙin kuma tururi bai sake komawa matsayinsa ba.

Wane wasa, a kan wace na'ura

Gaskiya mara daɗi ga masu waya ita ce, mafi yawan wasannin jirgin ƙasa da ke Play Store, ko da sun sa hoton jirgi mai hayaƙi, totur da birki ne kawai a ciki. Babu ruwa, babu wuta, babu ribasa ta gaske. Suna da daɗin kashe lokaci, amma ba su ne ake magana a kai ba. Mafi kusa da abin kirki a waya shi ne jerin Trainz na kamfanin N3V Games na Ostireliya, irin su Trainz Simulator 3. Na kuɗi ne, kuma yana son waya mai ƙarfi da wadataccen wuri. A guji fayilolin da ake yaɗawa a matsayin kyauta da aka fasa. Wanda ya ba irinsu izini a wayar da manhajar bankinsa ke ciki, shi ya san abin da ya saya.

A laftof kuwa zaɓi ya fi yawa. Open Rails kyauta ne, buɗaɗɗen aiki ne na masu sa kai, yana tafiya a kan Windows ko da kwamfutar ba sabuwa ba ce, kuma yana karanta layuka da jiragen da aka yi wa tsohon Microsoft Train Simulator na 2001, wanda ya zo da shahararren injin nan Flying Scotsman. Zanensa ba na zamani ba ne, amma lissafin tururinsa mai zurfi ne. Ga ɗalibi mai tsohuwar laftof da datar dare, nan ya fi dacewa a fara.

Train Simulator Classic na kamfanin Dovetail Games yana da injunan tururi da yawa, sai dai kusan kowanne daban ake sayensa, da dala, a kasuwar wasanni ta Steam. (Sunan kasuwar da Turanci tururi yake nufi, amma haɗuwar suna ce kawai.) Masu haƙuri suna jiran rangwamen tsakiyar shekara da na ƙarshenta. Train Sim World na kamfanin ɗaya ya fi kyan gani, ana samunsa har a PlayStation da Xbox, kuma a 2022 ya fitar da layin Liverpool zuwa Crewe na zamanin 1958 mai injunan Jubilee da 8F. Amma yana cin gigabait masu yawa, ga son kwamfuta mai tsada.

Wanda ya fi ba da jin aikin a jika shi ne Derail Valley. A cikinsa da hannu ake kama kowane famfo, a ɗebi kwal da shebur, a sauka a haɗa taragu, in an yi ɓarna kuma a biya daga kuɗin da aka samu a wasan. Babban injin tururinsa, S282, yana da tsarin ƙafafu 2-8-2: ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu ja, ƙanana biyu a baya. Wannan tsarin ne na injunan da ake kira River, waɗanda kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya ƙera wa reluwen Najeriya a 1948 aka raɗa musu sunayen koguna. Ba inji ɗaya ba ne, amma 'yan gida ɗaya ne.

Layin da babu shi a wasa

Wanda ya leƙa jerin layukan da manyan kamfanonin nan ke sayarwa zai ga Ingila da Jamus da Amurka sun cika shi. Afirka ta Kudu ta samu shiga da layin George zuwa Knysna a Train Simulator Classic, mai faɗin milimita 1,067 irin na Kaduna Junction. Layin Legas zuwa Kano, mai tsawon fiye da kilomita 1,100, ba ya ciki. Kuma babu alamar wani kamfani a Turai zai zauna ya gina shi, tunda ba nan kasuwarsa take ba.

Sai dai yawancin layukan da ke Open Rails da Trainz ba kamfani ne ya gina su ba, mutane ne a ɗakunansu, kowa ya gina na garinsu. Kayan aikin ma kyauta ne. Akwai TSRE5 na shimfiɗa layi a Open Rails, Trainz yana zuwa da nasa mai suna Surveyor, Blender na ƙera gine-gine da injuna, OpenStreetMap na nuna inda layin ya bi, bayanan tudu da kwari na SRTM da hukumar NASA ta tattara a 2000 kowa na iya saukewa. Matashin da ya koyi haɗa shafin intanet daga YouTube ba abin da zai gagare shi a nan sai haƙuri.

Abin da ba a saukewa daga intanet shi ne abin da ke kan tsofaffi. Wanda yake fayaman ɗan shekara 25 a 1965, yau ya haura 80. Su ne suka san inda tankin ruwa yake a tasha, da wurin da jirgin kaya ke wahala tsakanin Kaduna da Kafanchan, da yadda kwal ɗin Enugu ke ci a murhu, da sunayen da suke kiran kayan aikinsu da Hausa da Turancin reluwe. Ana iya ganin gidan tarihin reluwe na Jaekel House a Ebute Metta ta Legas, ana iya samun tsofaffin hotuna, amma waɗannan bayanan ba su cikin hoto. Tsofaffin ƙarafan da suka rage a yadi kuma, tsatsa da masu saye a kilo ba sa jiran kowa.

Ba sai an fara da Legas zuwa Kano ba. Daga Kaduna Junction a haye gadar kogi zuwa tashar Kaduna ta Arewa 'yan kilomitoci ne, daga Junction zuwa Kakuri ma haka. Aikin farko bai ma buƙatar laftof: waya mai caji, izinin jami'an tasha kafin a ɗauki hoton komai, da ziyarar wani tsohon ɗan reluwe a unguwa, a gaishe shi yadda ya kamata, a nemi yardarsa a naɗi muryarsa, sannan a tambaye shi a kan nawa yake ajiye ribasa idan zai tashi da taragun gyaɗa.